Zauren Masu Karatu: Begen Jiragen Jiya da Maganar Haɗe Kamfanoni

Tun daga lokacin da aka sake tayar da maganar haɗe kamfanonin jiragen sama na Arik da Aero Contractors, wasiƙun da ke isowa wannan zaure daga garuruwa da ƙauyukan Kano da Jigawa suka ɗauki salo guda. Kaɗan ne daga cikin masu rubutun suka damu da lissafin bashi ko na hannun jari. Mafi yawansu labarin wata tafiya da suka taɓa yi suke fara bayarwa, sai can ƙasa su kawo tambayarsu. Ga wasu daga ciki, an taƙaita su ba tare da an taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tsohon hedimasta ne, na yi ritaya ina zaune a ƙauyenmu kusa da Ringim. Ban taɓa hawa jirgin sama ba sai a daminar 2008, lokacin da ɗana da ke aiki a Legas ya aiko mini da tikitin Arik domin in halarci sunan ɗansa na fari. Har yau ina tuna yadda wata ma'aikaciyar jirgin ta ga ina fama da ɗamarar kujera, ta rusuna ta ɗaura mini, tana kirana Baba. Ina tuna yadda na leƙa ta taga na ga gonakin gero da dawa sun yi kore shar har iyakar ganina. Na yi azahar a Kano, na yi la'asar a Legas, tafiyar da a da nake kwana a mota kafin in kai. Yanzu na ji a rediyo ana maganar haɗe kamfanin da wani. Mece ce haɗewar nan, kuma sunan zai ɓace ke nan? Na rasa dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a rai, alhali ba ni da ko sisin kwabo a cikin kamfanin.
Daga wani malami mai ritaya, ƙasar Ringim.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, Allah ya raya wannan jika ya yi masa albarka. Zan fara da abin da Malam ya rufe wasiƙarsa da shi, domin shi ne ya fi nauyi a wurina. Ba sai mutum yana da hannun jari ba kafin ya ji zafin ɓacewar abin da ya taɓa yi masa rana. A ranar nan Malam ya ga amfanin tarbiyyar da ya yi wa ɗansa, a ranar ce kuma yarinyar da ba ta san shi ba ta girmama furfurarsa, don haka dole sunan da ke rubuce a jikin jirgin ya manne da waɗannan abubuwa a zuciyarsa.

Malam ya kuma dace da lokacin da kamfanin yake kan ganiyarsa. Arik ya fara jigila a watan Oktoba na 2006, sa'ad da zukatan 'yan Najeriya suke cike da tsoron jirgi, bayan haɗarin Bellview da na Sosoliso a ƙarshen 2005, kuma a cikin watan da ya fara aikin ne jirgin ADC ya faɗi a Abuja da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a ciki. A irin wannan yanayi sai ga kamfani ya shigo da jirage sababbi fil daga masana'anta, abin da aka daɗe ba a gani ba a ƙasar nan. Zuwa ƙarshen 2008 ya fara zuwa Landan, a 2009 ya ƙara da Afirka ta Kudu da Amurka. Daga baya bashi ya yi masa katutu, har a watan Fabrairu na 2017 hukumar AMCON ta karɓe ragamarsa. Ita AMCON gwamnatin tarayya ce ta kafa ta a 2010 domin ta sayi basussukan da suka gagari bankuna, ta kuma bi waɗanda suka ci su. Shi kuwa Aero ya girmi Arik nesa ba kusa ba, domin tun 1959 yake aiki, ya fara da ɗaukar ma'aikatan kamfanonin mai a ƙananan jirage da masu saukar ungulu, kuma shi ma ya shiga hannun AMCON a 2016. Da yake su biyun suna hannun mai bin bashi guda, shugaban hukumar ya bayyana a 2024 cewa suna son a haɗe su a mayar da su kamfanin jiragen sama na ƙasa, ya kuma ce an taɓa gabatar da shawarar a baya amma ministan sufurin sama na lokacin bai karɓa ba. Abin da aka faɗa ɗin shawara ce, kuma shawara irin wannan ba ta tabbata sai hukumar NCAA mai kula da sufurin sama da hukumar FCCPC mai sa ido kan gasa da haƙƙin masu saye sun amince, ga kuma shari'o'in da ke tsakanin AMCON da masu Arik na asali.

Ita haɗewa ma'anarta kamfanoni biyu su koma ƙarƙashin mallaka ɗaya da shugabanci ɗaya, kadarorinsu da basussukansu da ma'aikatansu su zama na gida guda. Malam ya ga irinta a harkar banki, lokacin da Bank of the North ya narke tare da wasu bankuna takwas aka samar da Unity Bank a farkon 2006, aka cire allunan da mutanen Arewa suka saba gani shekara da shekaru. A harkar jiragen sama kuwa, filin jirgin Kano kansa ya shaida yadda abin yake kasancewa ta fuska biyu. Dattawan da suka je karatu Ingila a shekarun 1970 da 1980 za su tuna da British Caledonian, mai hoton zaki a wutsiya, wanda yake tasowa daga filin Gatwick zuwa Kano da Legas. British Airways ya saye shi, a 1988 sunan ya shafe baki ɗaya. Shi kuma KLM na ƙasar Holan, wanda aka kafa a 1919, ya haɗe da Air France a 2004, amma kowanne ya ci gaba da tashi da sunansa da fentinsa har gobe.

A nan ne nake son Malam ya tsaya ya duba da kyau. KLM ya tsira da sunansa, ya tsira da shuɗin launinsa, amma a 2012 ya daina sauka a Kano bayan ya shafe fiye da shekara 60 yana zuwa. Ba ina cewa haɗewar ce ta kore shi ba, abin da nake nunawa shi ne wanzuwar sunan ba ta amfani Bakanon da yanzu sai ya fara zuwa Legas kafin ya samu jirgin ba. Saboda haka idan maganar Arik da Aero ta tabbata, suna shi ne ƙaramin abin da zan damu da shi. Abin da zan tambaya shi ne ko jirgin Kano zai ci gaba da tashi a kullum, domin al'adar kamfanonin da suka haɗe ita ce su soke tashin da suke ganin ya maimaitu, kuma garuruwan da ba su kai Legas da Abuja cinkoso ba su ake fara taɓawa. Zan tambayi kuɗin tikiti, domin inda masu gasa biyu suka koma ɗaya farashi yakan hau. Zan kuma tambayi makomar ma'aikata irin wadda ta ɗaura wa Malam ɗamara, domin ladabin da Malam yake begen nan a hannunsu yake, kuma ma'aikacin da ke bin albashin watanni, ko yake zaune cikin fargabar sallama, da wuya ya samu natsuwar rusuna wa dattijo.

Tambaya: Kakata ce ta sa ni in rubuto muku. Ta sauke farali a 1977. Ta ce a babbar mota aka rako su daga ƙauye zuwa sansanin alhazai na Kano, dangi suka kwana tare da su, kuma jirgin da ya ɗauke su fari ne da kore, da hoton giwa mai fukafukai. Ta ce da jirgin ya ɗaga sai ta runtse ido, har sai da ta ji maza da mata sun ɗauki Labbaika gaba ɗaya sannan hankalinta ya kwanta. Ma'aikatan jirgin 'yan ƙasa ne, har akwai mai jin Hausa da ya riƙa yi musu bayani. Da suka dawo, gari duka ya fito tarya, aka yi kwanaki ana raba zamzam da dabino. Ta ji muna hirar haɗe kamfanoni, shi ne ta ce a tambayar mata: wane kamfani ne ya haɗiye jirgin giwa, kuma da wane suna yake tashi yanzu?
Daga jikan wata Hajiya, ƙasar Kazaure.

Amsa: A gaishe da Hajiya da kyau, Allah ya karɓi ibada, ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. A gaya mata a hankali cewa babu kamfanin da ya haɗiye jirgin giwa. Nigeria Airways mutuwa ya yi, bai bar magaji ba.

An kafa shi a 1958, bayan rushewar kamfanin haɗin gwiwa na ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, da farko tare da jarin kamfanin jiragen sama na Ingila BOAC da kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, sannan a 1961 gwamnatin Najeriya ta mallake shi baki ɗaya. Domin a gane girman abin da jirgin ya yi wa mutane irin su Hajiya, sai an tuna yadda iyayenta da kakanninta suke zuwa Makka. Ta ƙasa suke bi, ta Barno da Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, a ƙafa ko a kan dabba, daga baya a mota, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su tara guzuri. Tafiyar takan ci shekaru, ana yafe wa juna kafin a tashi domin ba a sa ran dawowa, kuma da yawa sun zauna a hanya, shi ya sa har yau ake da garuruwan Hausawa a Sudan. Jirgin sama ya fara sauka a Kano tun 1925, kuma attajiran Kano na cikin waɗanda suka fara tsara tafiyar alhazai a ƙungiyance. Sunan Wapa da ake kiran wurin 'yan canji da shi a Fagge ya samo asali ne daga ƙungiyar alhazan Afirka ta Yamma da su Alhaji Mahmud Ɗantata suka kafa. Zuwa shekarar da Hajiya ta tafi, lokacin da kuɗin man fetur ya wadata, alhazan Najeriya sun haura 100,000, kuma tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i kaɗan. Matar ƙauye da ba ta taɓa wuce kasuwar Kazaure ba ta ga Ka'aba da idonta, ta dawo ta tarar da yaranta yadda ta bar su. Wanda aka yi wa wannan ba ya manta hoton da ke jikin jirgin da ya kai shi.

A farkon shekarun 1980 kamfanin yana da jirage kusan 30, yana zuwa Landan da Amurka da Jidda da manyan biranen Afirka. Amma tun a lokacin ciwon ya riga ya kama shi, har sai da gwamnati ta ɗauko KLM ya riƙe shugabancinsa daga 1979 zuwa 1981. Sauya shugabanni a kai a kai, da ɗaukar ma'aikata fiye da bukata, da almubazzaranci, da bashin waje da ya ninka bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, su suka taru suka cinye shi, jiragen suka riƙa zama ɗaya bayan ɗaya saboda babu kuɗin gyara. Ya daina tashi a 2003, gwamnatin Obasanjo ta rushe shi, aka sayar da kadarorinsa. Wurin gyaran jiragensa na Legas ma Arik ne ya karɓe shi a 2006. Domin maye gurbinsa, an kafa Virgin Nigeria da jarin kamfanin Virgin Atlantic na kashi 49 cikin 100, ya fara aiki a 2005, ya sauya suna har ya koma Air Nigeria, ya rufe a 2012. An sanar da Nigeria Air a 2018, aka yi bikin nuna jirgi a Abuja a watan Mayu na 2023, amma bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma akwai gaskiya a begen Hajiya. Sai dai adalci ya sa in ambaci abin da bege yakan tsallake. A ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin da Nigeria Airways ya yi haya daga kamfanin Alia na Jodan ya yi haɗari wajen sauka a Kano ɗauke da alhazai, mutum 176 suka rasu. A ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgin hayar da ya taso daga Jidda zai nufi Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashi, duka mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu da rahama. Akwai gidaje a ƙasar Kano da Jigawa da Sakkwato da ba daɗi suke tunawa ba idan an ambaci jirgin giwa, kuma haƙƙinsu ne a tuna da su.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne halin da ma'aikatan suka shiga. Dubban matuƙa da injiniyoyi da masu hidimar fasinja, ciki har da irin wanda ya yi wa Hajiya bayani da Hausa, sun yi shekaru suna jiran cikon haƙƙoƙinsu na barin aiki, sai a 2018 gwamnatin Buhari ta saki fiye da naira biliyan 22, wato kimanin rabin abin da aka amince za a biya su, bayan da yawa daga cikinsu sun mutu suna jira. Duk lokacin da na ji mutane suna baƙin cikin haɗewa saboda suna zai ɓace, wannan nake tunawa. Kamfanin da aka haɗe yana rasa suna, amma jiragensa da hanyoyinsa da akasarin mutanensa suna ci gaba da aiki a sabon gida. Wanda aka bari ya durƙushe yana rasa duka.

Tambaya: Ina fataucin riɗi daga kasuwar Maigatari zuwa Legas, kuma nakan sayi tikiti tun da wuri saboda ya fi sauƙi. Idan aka haɗe kamfanin da na sayi tikitinsa, kuɗina ya bi ruwa ke nan? Yaya kuma makin da nake tarawa, wanda kamfanin yake ba masu yawan hawa jirginsa?
Daga wani ɗan kasuwa, Maigatari.

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. A haɗewa ta ƙa'ida, sabon kamfanin yana gadon alkawuran tsofaffin kamar yadda yake gadon kadarorinsu, saboda haka tikitin da aka biya yana nan da ƙarfinsa, ko da lambar jirgi ko lokacin tashi ya canza. Makin da ake tarawa akan mayar da shi cikin sabon tsari bisa ƙimar da kamfanin ya yanke, wadda ba lallai ta yi daidai da ta da ba, don haka wanda ya tara abin da ya isa tikiti gara ya yi amfani da shi. Haɗarin gaske yana wurin kamfanin da ya rufe kwatsam, domin a nan fasinja yakan koma sahun masu bin bashi, kuma a can baya. Shawarata ita ce Alhaji ya riƙa biya ta banki, kai tsaye ga kamfanin ko ga wakilin tafiye-tafiye mai rajista, ya adana rasit da lambar ajiyar kujera, kuma kada ya sayi tikitin watanni masu yawa a gaba daga kamfanin da ake jin yana tangal-tangal. Idan kamfani ne ya soke tashi, dokokin NCAA na kare fasinja sun ba shi damar karɓar kuɗinsa, kuma hukumar tana da jami'an karɓar ƙorafi a manyan filayen jirgi, har da na Malam Aminu Kano.

Tambaya: Ni mutumin Kabo ne. Muna yara babu abin da yake sa mu alfahari kamar a ce sunan garinmu yana rubuce a jikin jirgin sama, kuma Allah ya nufa a cikin babban jirgin Kabo mai hawa biyu na tafi aikin hajji. Na ga Chanchangi ya zo ya wuce, na ga IRS ya zo ya wuce. Me ya hana attajiranmu na Arewa su haɗa jarinsu su kafa kamfani ɗaya mai ƙarfi, maimakon kowa ya kafa nasa, bayan 'yan shekaru a neme shi a rasa?
Daga wani Alhaji, Kabo.

Amsa: Alhaji, alfaharin nan yana kan hanya. Marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa Kabo Air a 1980, lokacin da kusan kowa yake ganin harkar jirgi ta gwamnati ce ita kaɗai, kuma shi da Okada Air na birnin Benin suna cikin waɗanda suka fara nuna cewa ɗan kasuwa zai iya. Daga baya kamfanin ya mayar da hankali kan jigilar alhazai da manyan jirage samfurin Boeing 747, irin wanda Alhaji ya hau. A bayansa Arewa ta samar da Chanchangi a Kaduna, da IRS na gidan Isyaka Rabi'u, da Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, da Azman, da Rano Air wanda ya fara tashi a 2023. Ba a rasa masu zuciyar zuba kuɗi ba.

Matsalar tana cikin yanayin sana'ar kanta. Kamfanin jirgi a Najeriya da naira yake sayar da tikiti, amma da dala yake biyan hayar jirgi da kayan gyara da inshora da horar da matuƙa, kuma farashin man jirgi, wanda shi ne ya fi kowane abu cin kuɗi, yana bin dala sau da ƙafa. Babban gyaran da doka ta wajabta bayan wani adadin sa'o'in tashi galibi a ƙasashen waje ake yin sa, jirgin ya yi makonni ko watanni ba ya kawo komai. Mai jirage uku, idan ɗaya ya tafi gyara ɗaya kuma tsuntsu ya shiga injinsa, to jadawalinsa ya rushe, fasinjoji su kwana a filin jirgi suna tsine masa. Mai jirage 30 yana da na ajiya da zai turo. Ita kuma jigilar alhazai, duk da kuɗin da ke cikinta, ta 'yan makonni ce a shekara, sauran watannin manyan jiragen suna zaune suna cin kuɗin ajiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wannan sana'a maganar ta fi gaskiya fiye da ko'ina.

An taɓa gwada matsa wa kamfanonin. A 2007 gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin jari zuwa naira miliyan 500 ga masu zirga-zirgar cikin gida, biliyan 1 ga masu zuwa ƙasashen maƙwabta, biliyan 2 ga masu ƙetare nahiya, da fatan a ga irin abin da ya faru a bankuna, waɗanda suka ragu daga 89 zuwa 25. Wasu sun cika sharaɗin, wasu sun rufe, amma haɗewar kirki ba ta biyo baya ba. Yawancin kamfanonin na mutum ɗaya ne ko na gida ɗaya, kuma wanda ya rubuta sunansa ko na garinsu a jikin jirgi ba ya son ya koma mai kashi 30 cikin 100 a ƙarƙashin wani. Haɗewa tana bukatar kowa ya buɗe littafin bashinsa a gaban ɗan'uwansa. Tana kuma wahala idan jiragen ba iri ɗaya ba ne, domin matuƙin Boeing ba ya hawa Embraer sai ya sake horo, haka ma injiniya. A 2022 kamfanoni shida, ciki har da Max Air da Azman da Arik da Aero, sun sanar da ƙawancen ɗaukar fasinjojin juna idan ɗaya ya samu cikas, kuma ko wannan aka riƙe da gaske mataki ne mai kyau.

Ra'ayina shi ne ina goyon bayan haɗewa, amma da sharaɗi. Ethiopian Airlines, wanda ya fara tashi a 1946 kuma a yau yake da jirage fiye da 100, har Kano yana zuwa, bai kai nan don girma kawai ba, ya kai ne saboda gwamnatin Habasha ta mallake shi amma ta bar ƙwararru suna tafiyar da shi. Arik yana da suna da hanyoyi, Aero yana da wurin gyaran jirage da ya yi fice, sai dai dukansu suna fama da ƙarancin jirage da nauyin bashi, kuma haɗa masu bashi biyu ba ya sayen sabon jirgi sai an samu mai zuba sabon jari. Idan kuwa da dukiyar jama'a za a yi, to jama'ar da ke nesa da Legas suna da haƙƙin a rubuta musu hanyoyinsu a cikin yarjejeniyar. Filin jirgin Dutse, wanda aka buɗe a 2014 zamanin Gwamna Sule Lamiɗo, ya fi ganin cika a lokacin aikin hajji. Babban kamfani mai ƙananan jirage masu kujeru 50 zuwa 70 shi ne zai iya riƙe irin wannan hanya da ribar da yake samu tsakanin Legas da Abuja, har mutane su saba. Wannan ne ya kamata 'yan majalisarmu na Kano da Jigawa su nema tun kafin a sa hannu.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu bara. A cikin adakarsa mun tarar da tsofaffin tikitocin jirgi, da fasfonsa na hajji, da jakar hannu mai hoton giwa, da wasu hotuna da ya ɗauka a gindin jirgi lokacin da aka tura shi kwas Ingila. 'Yan'uwana sun ce tarkace ne a zubar, ni kuma na kasa. Suna da wani amfani?
Daga wata malamar makaranta, ƙasar Birnin Kudu.

Amsa: Malama, Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashi. Kada a zubar. Idan kamfani ya haɗe da wani ko ya rushe, takardunsa da hotunansa na cikin abubuwan da suke fara salwanta, domin masu rabon kadara gini da jirage suke ƙirgawa. British Airways yana da ma'ajiyar tarihi da ke adana kayan kamfanonin da suka narke a cikinsa. A nan kuwa, babban rabo na tarihin tafiyar mutanenmu ta sama yana cikin adakoki irin ta Baba, kuma tikiti guda yana nuna shekara da hanya da kuɗin da aka biya, abin da mai bincike zai daɗe yana nema.

Da yake kayan na cikin abin da mamaci ya bari, a fara neman yardar sauran magada, ko da ba su ga darajarsu ba. Sannan a ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya da waya, a tura wa 'yan'uwa domin kada ta zama a hannu ɗaya. A sa takardun a ambulan, a ajiye su a inda danshin damina da gara ba za su kai ba, kuma kada a liƙa musu salatif ko a rufe su da roba mai zafi, domin hakan yana lalata tawada. A rubuta sunan wanda ke cikin hoto da wurin da shekarar a bayansa da fensir. Idan akwai abokan tafiyar Baba ko iyayenku mata da ke raye, a zauna da su a naɗi muryarsu suna ba da labarin. In kuma iyali sun ga ba za su iya adanawa ba, ana iya tuntuɓar gidan tarihi na Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko Arewa House da ke Kaduna, a ji ko za su karɓi kayan ko kwafinsu.